Ka Sauko Ƙasa, Ɗanka Yana Jiran Ka

Assalamu alaikum 'yan uwana matasan magidanta, da ku ƙannena masu shirin ajiye iyali.

Wata Asabar na dawo gida bayan la'asar, na tarar da ɗana, a lokacin yana da shekara biyu da 'yan watanni, kwance a kan kujera da wayar mahaifiyarsa a hannu. Na yi sallama bai ɗago ba, na kira shi bai ɗago ba. Da na zare wayar sai ya ɓarke da kuka har da birgima. Mahaifiyarsa ta ce tun azahar yake nan, don ta samu ta gama wanki ta ɗora tukunya. Ban ga laifinta ba, hannu biyu gare ta. Nawa laifin na gani. Na saya masa takalmi, na saya masa rigar ƙwallo mai lamba a baya, amma da na bincika kaina, ban tuna ranar da na zauna a ƙasa na yi wasa da shi na minti goma ba. Na san ba ni kaɗai ba ne, shi ya sa nake wannan magana.

Ku tuna yadda yawancinmu muka taso. Gidan gado ne, tsakar gida mai faɗi, ƙasa ce ba tayil ba. Yaro yana barin rarrafe ya fara tatata, akwai yayye biyar masu jan sa, akwai kafinta a unguwa da zai ƙera masa keken katako mai ƙafa uku ya riƙa turawa. Kaka tana zaune a tabarma tana tsokanar sa da "mijina, zo ka ba ni kuɗin cefane", shi kuma yana guje mata yana dariya. Da yamma manya su fita langa da ɓuya da gare-gare, 'yan mata na gaɗa da 'yar gala-gala, shi kuwa yana biye da su yana faɗuwa yana tashi. Ba wanda ya taɓa cewa yau za a motsa wa yaro jiki, gidan ne da kansa yake motsa shi. A irin wannan gida uba zai iya yin kawaici, ya ji kunyar ɗan fari, ko sunansa bai faɗa ba, kuma yaron bai rasa komai ba, domin akwai baffa da kawu da gwaggo da suka ɗauke wannan nauyi.

Mu kuma yau ina muke? Ciki da falo a gidan haya, get a kulle, tsakar gidan bai fi wurin shanya ba. Layi ya cika da babura da Adaidaita Sahu, ga tsoron masu ɗauke yara, ba mai sakin ɗan shekara biyu ya fita. Kaka tana can garinmu, sai da salla ake ganin ta. Mun ɗauko kawaicin iyayenmu mun shigo da shi gidan da babu kowa sai mu biyu da yaron. To idan uba ya kame, uwa kuma aiki ya sha mata kai, wa ya rage? Waya ce ta rage, da talabijin idan an kawo wuta.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ce yaro daga shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, wato awa uku, ba a jere ba, a warwatse cikin wuni. Mai shekara uku zuwa huɗu shi ma minti 180, amma 60 daga ciki su zama na guje-guje da tsalle-tsalle, irin wanda yaro zai yi haki. Ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin sam. Daga shekara biyu, kada kallon ya wuce awa ɗaya, in ya gaza haka ma ya fi. Akwai kuma wadda ta shafe mu kai tsaye: kada a tsare yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a lokaci ɗaya, ko a kujera, ko a keken turawa, ko a goye. Ba ina kushe goyo ba ne, goyo rahama ne, kuma da shi iyayenmu mata suka rene mu suna aiki. Amma yaron da ya iya tafiya, in ya wuni a baya don kada ya yi ɓarna, an hana ƙafarsa aikin da za ta yi ƙwari da shi.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙashi da tsoka da amfani suke ƙarfi. Yaron da ke hawa matashin kai yana sauka, yana durƙusawa ya ɗauki abu ya miƙe, yana koyon daidaita jikinsa ne, kuma ido da hannu da ƙafa suna koyon aiki tare. A cikin wasa ne yake jin "kawo", "jefo", "tsaya", "sama", "ƙasa", yana ganin ma'anarsu a aikace, bakinsa yana buɗewa. Yaron da ya gaji da gudu kuma ya fi cin abinci, ya fi yin barci da wuri. Da yawa daga cikin ƙorafin "ba ya ci, ba ya barci, rigima gare shi" da muke yi, ƙarfi ne ya taru a jikin yaro bai sami mafita ba.

Na san abin da ke ran wasunku, don ya taɓa zama a nawa: babba da ni, in yi rarrafe a falo yaro ya hau bayana, ai girma ya zube. Ɗan uwa, wa ya kai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, girma? Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ɗaya daga jikokinsa, Hasan ko Husaini, ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita sujadar har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, ashe bai so ya katse wa yaron ne. Ya yi tseren gudu da Nana A'isha, sau ɗaya ta wuce shi, daga baya shi ma ya wuce ta. Da Aƙra'u bin Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Wannan ɗaure fuskar da muke yi wa 'ya'yanmu ba daga can muka samo ta ba.

Abin da za ka yi bai buƙatar kuɗi. Ka fara da ƙwallo, ta roba mai taushi, ko ka dunƙule tsofaffin safa. Zauna a ƙasa ka buɗe ƙafa, ka zaunar da shi yana fuskantar ka, ka gangara masa ya gangaro maka. Wajen shekara biyu yara da yawa suna iya harba ta da ƙafa, sai ka ajiye takalma biyu su zama raga. Zai ɗauke ta da hannu ya gudu, zai jefa ta bayan kujera, zai bar ta ya bi kaza. Ka ƙyale shi. Minti biyar ma in ya ba ka hankalinsa ya yi ƙoƙari. Ka ɓuya bayan labule ya neme ka, ka bi shi da rarrafe kana kukan tunkiya, ka zama dokinsa, ka ba shi kwalin da aka zuba taliya ya tura ya shiga ya fita. In za ka shago ko masallacin unguwa, riƙe hannunsa ku taka, ko da tafiyar minti uku za ta zama ta ashirin, don zai tsaya kallon kowane tsinke. In akwai yashi mai tsabta da ka share ka tabbatar ba kwalba ba ƙusa, cire masa takalmi ya taka. Datti ruwa da sabulu ne maganinsa.

Ina da jan kunne ga masu zumuɗi. Kowa na son ɗansa ya zama Ahmed Musa, wanda ya bi ta Kano Pillars har ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014. Buri ne mai kyau. Amma ɗan shekara biyu ba ɗan wasa ba ne, kai ma ba koci ba ne. Likitocin yara suna cewa sai wajen shekara shida yawancin yara ke iya bin dokokin wasa, su jira layi, su fahimci ƙungiya. Kafin nan, duk tsawar da ka daka masa don ya harba ba daidai ba, ƙwallon kake sa ya tsana. Kada kuma ka gwada shi da ɗan maƙwabci, ka ce wane ya fara gudu kai kana nan. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma kowa da ranarsa. In ya faɗi, kada ku yi ca a kansa da salati da "wayyo", fuskarku yake kallo kafin ya san ko zai yi kuka. Duba shi, kaɗe masa gwiwa, ka ce tashi jarumi. Sai dai in yaro ya kai wata 18 bai fara taku ba, ko ya fara ya daina, wannan ba na jira ba ne, a kai shi ga likita.

Kada ku bar 'ya'ya mata a baya. Yana yi mini ciwo in ji ana ce wa yarinya 'yar shekara biyu "zauna, ke mace ce", alhali yayanta na tsalle a gabanta. Ƙashinta da zuciyarta irin nasa ne, buƙatarta irin tasa ce. Tarbiyyar kunya da kamun kai tana da lokacinta, ba ta hana ƙaramar yarinya gudu a tsakar gidan ubanta.

Sai maganar haɗari, wadda nake roƙon ku karanta da natsuwa. Na farko ruwa. Kan yaro ƙarami yana da nauyi sosai in aka gwada da jikinsa, in ya leƙa bokiti ko bahon wanki ya kife ciki ba zai iya fitowa ba, kuma ba za ka ji ihu ba. Ruwa kaɗan ya isa. A zubar da ruwan wanki da zarar an gama, a rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, da damina a sa ido kan kududdufi da ramin masai da aka bari a buɗe. Na biyu, kada ka finciko shi da hannu ɗaya don ya tsallake kwata, kada ku riƙe hannuwansa kuna lilo da shi. A wannan shekaru jijiyar da ke riƙe ƙashin gwiwar hannu ba ta yi ƙwari ba, tana iya gocewa, sai ka ga yaro ya saki hannun yana kuka ya ƙi ɗaga shi. In haka ta faru kada a yi ta murza shi a gida, a asibiti ana mayar da shi cikin ɗan lokaci. Ɗauke shi ta hammata. Na uku, keken roba mai tayoyi da ake zaunar da jariri a ciki wai don ya koyi tafiya. Ba ya sa yaro saurin tafiya, amma yana kai shi bakin matakala da murhu da tukunyar ruwan zafi kafin ka juya. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Ku kuma kula da duwatsun carafke da murafen kwalba da yayyensa ke wasa da su, komai ya samu baki yake kai wa. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, a yi wasan da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa, da ruwan sha kusa. Mai mota kuma, kada ka tayar da ita a cikin gida sai ka ga yaron da idonka a hannun wani.

Na san akwai mai fita kasuwa tun safe ba ya dawowa sai bayan isha, ya tarar yaro ya yi barci. Allah ya sa wa nema albarka. Amma akwai tsakanin asuba da fita, lokacin da yaran nan suka riga kowa tashi, akwai kuma ranar da ba ka fita. Da yawanmu muna ba hirar majalisa da gidan kallon ƙwallo awa biyu ba tare da mun ji komai ba, a ciki za a yanko rabin awa. Idan ka ɗauke shi na wannan ɗan lokaci, mahaifiyarsa ma ta sami sararin yin wanka da salla a natse, ba sai ta miƙa masa waya ba. Taka wayar kuma ka bar ta a ɗaki, domin yaro ya san bambancin uban da ke kallon sa da wanda ke cewa "iye, na gani" idonsa na kan WhatsApp.

Raba ɗana da waya bai zo da sauƙi ba. Kwanakin farko kuka ya yi ta yi, yana nuna jakar mahaifiyarsa, har muka kusa sarewa. Abin da ya taimake mu shi ne mun daina ba shi wayar lokacin cin abinci, kuma duk sanda ya nema sai ɗayanmu ya tashi ya fitar da shi tsakar gida. Bayan kamar mako biyu, in ya ji ƙarar babur ɗina a bakin get, ƙwallon yake fara ɗaukowa. Yanzu ƙanwarsa ta fara rarrafe, shi ne ke zama a ƙasa ya buɗe ƙafa yana gangara mata, ni kuma ina gefe ina tare ta kada ta nufi wurin bokiti.