Masu kukan mutuwar fim ɗin barkwanci, yaushe rabonku da sayen tikiti?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu kallon fina-finan Amurka, duk lokacin da Marvel ko DC, kamfanonin da ke yin fina-finan sadaukai, suka saki sabon fim sai ta dawo sabuwa fil. Ɓangare guda na cewa fina-finan sadaukan nan masu rufe fuska da tashi sama sun cinye sinima, sun hana ƙananan fina-finan barkwanci masu zaman kansu sakat. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa baƙin ciki ne kawai, da son a ce mutum ya fi kowa sanin fim. Ni dai a wajen kallo ƙananan fina-finan sun fi kwanta min, ba na ɓoyewa. Amma yau da 'yan ɓangarena zan yi, domin su suka fi ba ni haushi.

Tun da fitaccen darakta Martin Scorsese ya faɗa wa mujallar Empire a 2019 cewa shi a wurinsa fina-finan Marvel sun fi kama da filin wasan lilo da shillo fiye da sinima, mutanenmu suka samu abin riƙewa. Ko ina ka leƙa sai ka ji ana jan maganar dattijon. To amma abin da mutane da yawa ba su karanta ba shi ne bayanin da ya rubuta daga baya a jaridar New York Times, inda ya nuna cewa babban abin da ke damunsa shi ne gidajen sinima sun cika da irin fim guda, sauran ba su da wurin tsayawa. Maganar kasuwa ce yake yi. Ita kuwa kasuwa ba ta jin yabo, kuɗi take ji.

Ku dubi yadda mai son sadaukai yake nuna ƙaunarsa. Tun kafin fim ya fito da makonni ya sayi tikiti. Ranar farko yana cikin layi, wani har da rigar jarumin a jikinsa. An gama fim, an kunna fitila, shi yana nan zaune daram yana jiran sunayen ɗaruruwan ma'aikata su gama wucewa don ya ga ɗan guntun da ake ɓoyewa a ƙarshe. Bayan kwana biyu ya sake komawa da abokansa. Da irin wannan Avengers: Endgame ya haura dala biliyan 1 a ƙarshen makonsa na farko a 2019, ya ƙare a wajen biliyan 2.8. Da irin wannan nacin ne masoyan darakta Zack Snyder suka yi shekaru suna damun kamfanin Warner, har sai da aka zuba ƙarin kuɗi aka fito musu da Justice League yadda shi ya tsara shi, mai tsawon awa 4, a 2021. Kana iya cewa sun cika zaƙewa, ni ma na faɗa. Amma ba za ka ce ƙaunarsu ta fatar baki ce ba.

Namu fa? Zai ga tallan ƙaramin fim, ya ce kai wannan zai yi daɗi, ya tura wa mutum biyu, sannan ya ce bari ya sauka a manhaja na kalla a waya. Wani ma jira yake a sato. Bayan wata shida sai ka gan shi ya rubuta dogon bayani yana makokin yadda Hollywood ta lalace.

Ba na cewa laifin duk na 'yan kallo ne. Lissafin kamfanoni ya canza, kuma ruwa ba ya tsami banza. A da, fim ɗin barkwanci matsakaici yana da rai biyu: ya yi abin da zai yi a sinima, sannan faifan DVD ya zo ya cike giɓi, wani lokaci ma kuɗin faifan ya fi na sinimar. Da kasuwar faifai ta durƙushe, wannan rai na biyu ya tafi. Gidan sinima kuma yana riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla da kan yi gogayya da kuɗin shirya fim ɗin kansa. Sai kamfanoni suka juya ga kasuwar ƙetare, musamman Sin a shekarun da take kan ganiyarta. A nan barkwanci ya sha ƙasa, domin raha ba ta cika jure fassara ba. Abin da zai sa mutumin Chicago ya riƙe ciki, idan aka rubuta shi a ƙasan allo da wani harshe sai ya zama lami. Amma mutum ya ɗaga mota ya jefi bene da ita, wannan ba ya buƙatar tafinta. Disney ta ga haka tun da wuri, ta sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan 4, kuma ba ta yi asara ba.

Duk da haka, ku tuna yadda ƙananan fina-finan nan suka riƙa cin kasuwa ba da daɗewa ba. My Big Fat Greek Wedding na 2002, dala miliyan 5 aka kashe masa, ya kawo sama da miliyan 360. Bai taɓa zama na ɗaya a jerin mako ba, sai dai ya yi wata da watanni a sinima, wannan ya gaya wa wancan, uwa ta ja 'yarta, 'yar ta ja ƙawayenta. Napoleon Dynamite na 2004 kuwa kusan dala dubu 400 ne jarinsa, aka ɗauke shi a wani ɗan gari a jihar Idaho, ya tashi da sama da miliyan 40. Irin wannan fim da bakin mutane yake tafiya, bakin mutane kuma lokaci yake so. Yanzu mai gidan sinima lissafin Juma'a zuwa Lahadi yake dubawa, idan kujeru babu kowa ya sauke fim ɗinka ya ƙara wa mai sadaukai ɗaki na biyar. Wanda ya ce zai jira, ya riga ya yanke wa fim ɗin hukunci bai sani ba.

Yanzu bari in juyo kan masoya Marvel, domin akwai abin da su ma ba sa son ji. Wannan rahar da kuke so a fina-finanku, daga ina kuke zaton ta fito? Jon Favreau da ya ba da umarnin Iron Man a 2008, fim ɗin da ya kafa gidan gaba ɗaya, da ƙaramin fim ɗin barkwanci ya yi suna, Swingers na 1996, wanda ya rubuta ya kuma fito a ciki, jarinsa bai kai dala dubu 300 ba. 'Yan uwan nan biyu, Anthony da Joe Russo, da suka yi Endgame, daga wasannin barkwanci na talabijin aka ɗauko su. James Gunn a wani kamfanin fina-finan araha mai suna Troma ya koyi aiki kafin Guardians of the Galaxy. Taika Waititi kuwa a ƙasarsu New Zealand yake ƙananan fina-finansa na ban dariya, aka kira shi ya zo ya farfaɗo da Thor a 2017 bayan jarumin ya fara gundurar mutane. Ƙananan fina-finan nan su ne fadamar da ake yafa iri, manyan kamfanoni su zo su ciri dashe. Idan fadamar ta bushe, ban san inda za a samo wanda zai yi muku Iron Man na gaba ba.

Kuma tun asali babu wata katanga tsakanin ɓangarorin biyu sai wadda 'yan kallo suka gina. Kevin Smith, wanda ya yi Clerks a 1994 da dala 27,575, mayen littattafan zanen sadaukai ne, har tarin littattafansa ya sayar ya haɗa da bashi don ya yi fim ɗin. A kantin da yake aiki a New Jersey ya ɗauka, kuma sai an tashi da dare ake ba shi dama. Labarin kuwa da rana yake faruwa. Maimakon ya tsaya kukan rashin kuɗi, sai ya saka a cikin labarin cewa wani ya cusa cingam a kwaɗon ƙofar ƙarfen, ta ƙi buɗuwa, shi ya sa tagogin kantin suke rufe ruf tsakar rana. Talaucin da kansa ya koma abin dariya.

A nan ne nake ganin bambancin na gaskiya, ba a girman jari ba. Ku lura da yadda raha take zuwa a yawancin fina-finan sadaukai na baya-bayan nan. Jarumi ya durƙusa gaban wanda ya rasa, kiɗa ya yi sanyi, idonsa ya kawo ruwa, kai ma zuciyarka ta fara karyewa. Kafin abin ya zauna maka, sai wani daga gefe ya jefo zolaya, a fashe da dariya, a wuce fagen faɗa. Kamar masu fim ɗin suna jin kunyar a kama su suna nufin abin da suke faɗa. Da farko abin ya burge, daga baya ya zama dole, kowane jarumi bakinsa ɗaya da na ɗan uwansa, boka da soja da basarake duk salon zolayarsu guda. Ko masoyan Marvel da kansu sun koka da haka a kan Thor na 2022, kuma Waititi ɗin dai ne ya yi shi.

To ku ɗauki Little Miss Sunshine na 2006. Iyali ne da kowa ke fama da tasa damuwar, suka ɗebi hanya a wata tsohuwar bas ruwan ɗorawa za su kai ƙaramar yarinya gasa. A hanya kulocin motar ya mutu, babu halin tsayawa gyara. Don haka duk inda suka tsaya, sai kowa ya fito a tura, idan ta ɗauka su riƙa bin ta da gudu suna faɗawa ciki ɗaya bayan ɗaya. Ba a wata kalmar ban dariya rahar take ba. Mutanen da ba sa iya zama teburi guda ba a yi cacar baki ba, ga su dole sun haɗa kafaɗa a bayan mota. Kana dariya kana jin tausayinsu a lokaci guda, kuma dariyar ba ta kore tausayin ba. Dala miliyan 8 aka kashe, ya kawo kusan miliyan 100, ya ɗauki kyautar Oscar 2. Irin wannan nake nema idan na zauna kallo, kuma ba kasafai fim ɗin da aka zuba wa dala miliyan 200 yake da ƙarfin halin yin shiru ya bar abu ya yi aikinsa ba, saboda masu kuɗin suna tsoron ɗan kallo ya duba waya.

Yabon gwani ya zama dole, akwai na sadaukai da suka wuce wannan. Black Panther na 2018 ya ba miliyoyin mutane abin da ba su taɓa gani a babban allo ba, har ya shiga takarar gwarzon fim a Oscar, karo na farko ga irinsa. Kuma akwai hujja guda ta masoyansu da nake girmamawa: yawancin fina-finan nan kana iya kallo da ƙannenka ba ka riƙe rimot a hannu ba, alhali da yawa daga ƙananan fina-finan barkwanci cike suke da batsa da ashar. Wannan gaskiya ce, kuma tana cikin abin da ke rage musu 'yan kallo.

Abin da ba na girmamawa shi ne mai kawo min lissafin kuɗi a matsayin hujjar kyawun fim, yana murnar biliyan kamar yana da hannun jari a Disney. Da kuma masu yin gayya su je su zubar wa fim maki tun ba su gan shi ba, abin da ya sa shafin ba fina-finai maki na Rotten Tomatoes ya rufe damar yin sharhi kafin fitowar fim a 2019, lokacin rigimar Captain Marvel.

Ana ta cewa an gaji da sadaukai, ana nuna The Marvels na 2023 da ya tsaya a wajen dala miliyan 200, mafi ƙaranci a tarihin gidan. Sai ga Deadpool & Wolverine na Marvel a 2024 ya haura biliyan 1.3, shi kuwa in ka cire kayan jikinsu fim ɗin barkwanci ne tsantsa. Ashe mutane ba su daina son dariya a sinima ba, an dai koya musu cewa sai da tambarin da suka sani za su fito daga gida. Lokacin da suka saɓa wannan, an ga abin da ya faru: Everything Everywhere All at Once na kamfanin A24 ya ɗauki zancen duniyoyi barkatai da Marvel ke taƙama da shi, ya ɗora a kan wata mata mai shagon wanki da ke rigima da ofishin haraji, ya haura dala miliyan 100, ya kwashe Oscar 7. Cikin furodusoshinsa har da 'yan uwan Russo ɗin nan.

Wasu za su ce ai manhajojin kallo sun ceci ƙananan fina-finai. Suna saye, gaskiya ne. Palm Springs an saye shi a bikin ƙananan fina-finai na Sundance na 2020 a kan dala miliyan 17.5 da senti 69 (ƙasa da dala ɗaya), an ƙara sentin ne da gangan don a karya tarihin cinikin da ya gabata. Amma barkwanci abin taro ne. Dariyar mutum 200 a ɗaki guda tana ɗaga wargin da kai kaɗai a kan gado murmushi kawai za ka yi masa. Sannan a manhaja fim yana kwana uku a shafin farko ya nutse, babu wanda zai san daraktan, balle wani ya ba shi jarin fim na biyu.

Darakta Sean Baker ya hau mumbarin Oscar a 2025, fim ɗinsa Anora mai jarin dala miliyan 6 ya ci kyauta 5, ciki har da gwarzon fim. A jawabinsa roƙon mutane ya yi su koma gidajen sinima, musamman ƙananan da ke ta rufewa. An tafa masa sosai, mutanenmu suka yi ta yaɗa bidiyon. Fim ɗin dai, da duk kyaututtukansa, bai ko kusanci dala miliyan 100 ba a duniya gaba ɗaya.