Kilen da ya ƙi tashi a gaban Kawu

Kun dai san Kawu da tsohuwar ordinatarsa. Ya ce in sa mishi Windows, na ce ya kawo ta fada a Yantala bayan la'asar, aikin shan ruwa ne. Na kwafe fayilolin Windows cikin kile, ɗan abin ajiyar nan na USB, na gwada a tawa, ya tashi lafiya lau.

Fada ta cika maƙil. Na soka kile, na danna F12, maɓallin zaɓen abin da ordinata za ta tashi da shi, na zaɓi kilen. Allo baƙi ƙirin, sai wani ɗan layi fari yana ƙiftawa a kusurwa. Na kashe na kunna. Ƙiftawa. Na sauya rami. Ƙiftawa. Kawu ya gyara tabarau ya leƙo: "Ɗana, ta fara ne?" Na ce tana tunani. "To, a bar ta ta yi tunani." Aka sha shayi na fari, aka sha na biyu, zufa na bin bayana, ita ko ba ta gama tunani ba.

Sai ga mai katin nan, kun san shi. "Injiniya, ka hura mishi iska mana!" Mutumin da ko rediyonsa sai an kama mishi tasha. Jika biyuna na hannunsa tun Sallar layya, kullum "gobe, Injiniya", amma bakin ba da shawara bai taɓa jiran gobe ba. Kuma wallahi na hura. A gaban kowa na hura.

Autar Kawu ce ta kawo ruwa, da kayan lise a jikinta. Ta dubi allon: "Yaya, taka sabon tsarin tashi gare ta, UEFI, fayiloli kawai take nema. Ta Baba tsohon tsari gare ta, BIOS, sashen farko na kile take karantawa, bayit 512 ɗin nan. In babu umarnin tashi a ciki, nan za mu kwana." Ta ja ordinatata, ta shiga diskpart, manhajar shirya faifai, ta sa wa kile alamar active, ta buga bootsect /nt60 da harafin kile da /mbr, don a rubuta umarnin tashi a sashen farkon nan. Aka mayar, sai ga tambarin Windows.

Kawu ya ce, "Allah shi yi miki albarka." Ni ya miƙo mini kofi.

Mai kati har yanzu yana gaya wa mutane iskar ce ta yi aiki, a hankali take shiga. Kuɗina kuma wai ƙarshen wata.