Motar da ke cikin manhaja ba ita ce ke bin titunanmu ba

Wallahi abin nan ya ishe ni. A ce manhajar da ake biyan lasisinta da dala duk shekara, wadda aka saya musamman don a gwada yadda babbar mota za ta sha kwana a zanen hanya, amma ranar da ka ce bari ka shigar da awon motar da kake gani da idonka a titi sai ka ji kamar ka jefar da kwamfutar. Jerin motocin da ke ciki ya cika maƙil, na Amurka ne, na Ingila, na Jamus, na Ostareliya, har motar kashe gobara ta wani gari da ban taɓa jin sunansa ba, amma babu tanka ko tirela guda ɗaya irin tamu.

Wanda ba ya wannan aikin zai ce ai tirela tirela ce, a'a ba haka ba ne. WB-20, tirelar gwaji ta littafin AASHTO (ƙungiyar jami'an hanyoyi da sufuri ta jihohin Amurka) da kowa ke dannawa a manhajar, tsawonta mita 22.4 ne, kanta mai dogon hanci irin na Amurka. Ta Turai kuma doka ta tsayar da ita a mita 16.5, faɗi 2.55, kuma dole ta iya juyawa tsakanin da'ira mai mita 12.5 daga tsakiya da ta ciki mai 5.3. To mu fa? Kan motar ɗan Turai ne ko ɗan Chana, DAF ko MAN ko Howo, bodi kuma a nan gida masu walda suka haɗa shi, wani ma an yanka an ƙara masa tsawo don ya ɗauki shanu ko buhuna da yawa, an matsar da tayoyin baya inda mai mota ya ga dama. Ba ta Amurka ba ce ba ta Turai ba, kuma ita ce za ta shiga ƙofar da nake zanawa.

Kuma wannan matsar da tayar ba ƙaramin abu ba ne. Tayoyin bodi ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke ta ciki. Ka ɗauka wurin da bodi ke hawa kan kai yana bin da'ira mai mita 15, idan daga nan zuwa tsakiyar tayoyin baya mita 8 ne, bayan zai shigo ciki da kusan mita 2.3, idan kuwa mita 11 ne sai ya kai 4.8. Bambancin mita biyu da rabi! Nan ne lambatu yake, nan ne falwaya take, nan mai shayi ya kafa teburinsa.

To ka zo shigar da awon. Sai manhajar ta tambaye ka tazarar tayar gaba da ta baya, da abin da ya leƙo gaba, da abin da ya leƙo baya, da faɗin sawun taya, duk wannan babu damuwa ana aunawa. Sai kuma ta ce iyakar digirin da sitiyari ke karyawa, da daƙiƙa nawa direba ke ɗauka daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, da iyakar lanƙwasar da bodi zai yi kafin ya taɓa kai. Ina zan samo su? Motar da ta wuce hannu uku kafin ta sauka Apapa wa zai ba ni takardarta? Gareji na tafi da tef ɗin awo, yaron mota ya riƙe min baki ɗaya ina durƙushe cikin baƙin mai ina leƙen ƙarƙashi, direban yana cewa injiniya lafiya dai ko, na roƙe shi ya karya sitiyari har ƙarshe ya zagaya a fili muka bi sawun tayar da fegi muka auna. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ya fi masu manhajar amfani a wurina nesa ba kusa ba.

Na dawo na zuba lambobin, zane na a mita yake amma wani akwatin ashe ƙafa yake karɓa bai faɗa ba, sai ga tirela ta fito guntuwa kamar a-kori-kura. Na gyara, na haɗa kai da bodi, ta ce ba su haɗu ba, ba ta ce ga dalili ba. Da ƙyar ta yarda, na ajiye, na tura wa abokin aiki fayil ɗin ya buɗe a tasa kwamfutar motar ta ɓace don wai tana cikin ma'ajiyata ni kaɗai. Na rubuta wa masu manhajar, amsar da ta zo ita ce in zaɓi mota mafi kusa a jerin. Haba jama'a, in da akwai mafi kusa me zai kai ni ƙarƙashin tanka?

Abin da ya fi ƙona min rai ma na gida ne. Oga ya ce kai dai sa WB-20 ka buga mana, ai ta fi tsawo, in ta wuce kowa zai wuce. Ranka ya daɗe tsawo kaɗai ba shi ne magana ba, gindin da ya leƙo bayan taya idan ya yi yawa waje yake sharewa lokacin juyawa, shi ne ke kwashe ginshiƙin get. Kuma in ka bi ta Amurka ido rufe a ƙaramin fili sai ka cinye wa mai gidan mai rabin filinsa a banza. Masu duba zane su ma layuka masu launi na sawun mota kawai suke son gani, ban taɓa jin wanda ya tambaya wace mota aka gwada ba. In an fasa kwalbati kuma a ce direba ne bai iya ba.

Tankokin lita 33,000 da 45,000 su ne ke yawo ko'ina, na 60,000 an hana su lodi tun 1 ga Maris 2025, kenan ire-irensu sanannu ne ba su da yawa. Me zai hana ƙungiyarmu ta injiniyoyi ta zauna da masu motocin haya da masu ƙera bodi a auna su sau ɗaya, a fitar da awo na ƙasa kowa ya ɗauka? Ni dai nawa awon na tanka da tirelar shanu yana nan, duk mai so ya yi magana in tura masa, kuma masu manhaja lokacin sabunta lasisi sai sun ji daga gare ni.