Jami'a mai suna ko mai daɗin zama? A fara duba gidan da ɗalibin ya fito

Duk shekara idan guraben karatu suka fito, akwai matasan da barci ke ƙaurace wa idanunsu: su tafi jami'ar da bankuna ke rububin ɗalibanta, ko wadda zamanta ke da daɗi, ga ƙungiyoyi ga wasanni ga abokai? Masu ba da shawara sukan yanka wa kowa riga ɗaya. Ni a ganina amsar tana ga gidan da yaron ya fito.

A harkar kuɗi suna yana aiki, ko an so ko an ƙi. Manyan bankuna irin su Goldman Sachs da JP Morgan suna da jami'o'in da suka fi zuwa farautar ma'aikata, kamar LSE (London School of Economics) a Landan, Wharton a Amurka da Bocconi a Italiya. Farautar kuwa da sassafe ake fara ta. A Ingila, tun ɗalibi yana shekarar farko yake neman gurbin 'yan kwanaki a banki lokacin hutun Ista. Idan ya burge su, sai horon aiki na kusan mako 10 a dogon hutun shekara ta biyu, daga nan takardar ɗaukar aiki tun bai kammala ba. Wanda ya farga a shekarar ƙarshe sai ya tarar kasuwa ta watse.

Sai dai ba kowa sunan yake amfana daidai ba. A 2002, Stacy Dale da Alan Krueger sun wallafa bincike kan ɗaliban Amurka da manyan jami'o'i suka karɓa amma suka zaɓi waɗanda ba su kai su suna ba. Abin da suka riƙa samu daga baya bai bambanta sosai da na waɗanda suka shiga manyan ba, in ban da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda babbar jami'a ta ɗaga ƙwarai. Dalilin a fili yake. Mai uwa a gindin murhu yana da kawu ko aminin baba da zai buga masa waya. Ɗan talaka ba shi da wanda zai tsaya masa sai sunan makarantarsa da tsofaffin ɗalibanta.

Don haka ga wanda ba shi da kowa, kuma ya tabbata harkar kuɗin yake so, shawarata ya bi sunan. Abokai ana yin su ko'ina, amma ɗalibi ba ya iya jawo banki zuwa harabar da bai saba zuwa ba.

Kada kuma a ɗauki zama da mutane a matsayin shiririta. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa ta bakin wanda aka sani sama-sama, ba ta bakin amini ba. Wanda ya kulle kansa a ɗakin karatu na LSE shekara 3 bai ci moriyar wurin ba.

Shi ma wanda ya shiga ya ji zaman ya gagare shi, ba a kansa farau ba. Shahararren attajirin zuba jari Warren Buffett ya bar Wharton bayan shekara 2, ya koma Jami'ar Nebraska a jiharsu ya ƙarasa digirinsa. Da ya nemi karatun digiri na biyu, Harvard ta ƙi ɗaukarsa, sai ya tafi Jami'ar Columbia wajen malamin zuba jari Benjamin Graham. Amma a tuna, mahaifin Buffett ya yi dillancin hannun jari, kuma ya yi ɗan majalisar wakilan Amurka.