Kafin mu ce yaran yanzu ba su da godiya

Akwai maganar da ta kusa zama gaisuwa a bakin iyaye: yaran yanzu ba su da godiya. Ana faɗinta a majalisa, ana faɗinta a gidan suna, a zauren WhatsApp na dangi kuwa ba a daɗewa wani bai turo ta ba, haɗe da hoton yaran wata ƙasa da ake yaƙi, wai a nuna wa namu su ga irin rufin asirin da Allah ya yi musu. Ban ce maganar ƙarya ba ce ɗungurungum. Sai dai mun fi jin daɗin faɗinta a kan mu zauna mu tambayi kanmu ta wace ƙofa godiya ke shiga zuciyar yaro.

Abin da ya taso mini da zancen shi ne wani littafin ƙagaggen labari da ɗiyar Addata, 'yar aji biyar a sakandare a nan Gombe, ta karanta a waya sannan ta tura mini. Irin waɗanda Turawa ke rubuta wa matasa ne, inda bala'i ke auka wa gari, ko guguwa, ko girgizar ƙasa, ko ambaliya, kuma ta bakin matashi ake ba da labarin. Wanda ya karanta biyu ko uku ya san tafiyarsu. A farko yaro ne mai ƙorafi, an ƙwace masa waya, ƙanensa ya ishe shi, uwarsa ta cika faɗa. Sai wuta ta ɗauke, sabis ya ɗauke, kantuna su rufe, hanya ta yanke. Daga nan shi ne mai neman ruwa, shi ne mai ƙirga abin da ya rage a ɗakin ajiya, shi ne mai goyon ƙaninsa. Kafin a kai ƙarshe, duk burinsa a duniya ya koma ya ga 'yan gidansu sun kwana da rai.

Yawancin masu karantawa darasi ɗaya suke ɗauka: mu gode wa Allah da abin da muke da shi tun bai kuɓuce ba. Gaskiya ne, amma ko ba littafi an san wannan. Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Yarinyar da ke cikin wannan littafin, bala'in bai koya mata komai ba. A cikin garin nasu akwai waɗanda suka sha irin wuyar da ta sha, suka fito da rowa da mugun hali fiye da yadda suka shiga, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin rabon kayan agaji a ƙasar nan ya ga irinsu da idonsa. Abin da ya sauya ta shi ne ranar da iyayenta suka kasa ɓoye mata halin da gida ke ciki, dole ta sa suka damƙa mata wani ɓangare na nauyin. Sai da ta raba abinci da hannunta, ta ga bai kai ba, sannan ta gane me ake nufi idan uwa ta ce "ku ci, ni na ƙoshi."

To mu a nan gwanayen ɓoyewa ne, kuma muna alfahari da hakan. Magidanci zai je Tudun Hatsi ya karɓo buhun masara bashi, ya sa mai Keke Napep ya sauke a ƙofar gida, ya shigo yana fara'a kamar da kuɗinsa ya saya. Uwa za ta sayar da akuyarta, ko ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasar wata uku gaba, ta biya kuɗin jarrabawar WAEC, sannan ta ce wa yaron "Babanka ya biya." Rufin asiri ne da kara, ban raina su ba, da su gidajenmu ke tsaye. Amma washegari yaron nan zai ture kwanon tuwo ya ce shi ya gaji da miyar kuka, taliya yake so, sai uban ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Baffa, me ya sani? A ganinsa masara a ɗaki take tsirowa. Kun rufe masa ido da hannunku, kuna kuma jin haushin bai gani ba.

Ba ma buƙatar aron bala'i daga Amurka kafin mu fahimci wannan. A ƙarshen Oktoban 2014 da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, Gombe ta cika da baƙi, ƙari a kan waɗanda suka riga suka gudo daga Borno da Yobe. Da yawansu ba sansani suka je ba, gidajen 'yan uwa da abokan arziki suka sauka. Akwai wani gida a layinmu a Pantami da ya karɓi iyalin ƙanin mai gidan da wasu maƙwabtansu da ba su da kowa a garin. Zaure ya koma ɗakin kwana, samarin gidan suka koma kwana a shagon wani tela. Uwar gidan tana fama da laulayi a lokacin, don haka aka miƙa wa babbar 'yarta mukullin ɗakin abinci da mudu. Ba ta wuce shekara goma sha huɗu ba. Ita ke auna abin da za a kai inji, ita ke kasa tuwo a kwanuka, na maza daban, na yara a babban faranti. Na sha ganinta da yamma a bakin murhu tana kankare ƙanzo ta jiƙa shi a kwarya, da safe a sa ƙuli-ƙuli da ɗan mai a ba ƙanana kafin koko ya dahu. Yarinyar da a da sai an bi ta da faɗa kafin ta wanke kwanon da ta ci abinci a ciki. Babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata wa'azin godiya. Yau matar aure ce, kuma idan ta zo gida, kafin ta cire mayafi sai ta leƙa ɗakin abincin mahaifiyarta ta ga me ya ƙare.

Haka kuma a Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, kogin Ngadda ya shiga Maiduguri, shekara 30 bayan irin ta 1994. Ruwa ya ci Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har namun gidan zu suka fito. Su wa muka gani a bidiyo suna goya tsofaffi, suna tura kwale-kwale, suna dafa abinci a manyan tukwane suna kai wa waɗanda suka fake a makarantu? Samarin nan ne da 'yan matan da muke cewa ba su iya komai ba sai danna waya. Da wayar ma suka riƙa yaɗa hotunan yaran da suka ɓace har a haɗa su da iyayensu. Ba a dare ɗaya aka halicce su da wannan hali ba, yana nan tun da, babu dai wanda ya taɓa neman sa a wurinsu. Kuma kada wani ya ɗauka abin na nesa ne. A daminar shekarar ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum ta jihar Bauchi. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Mu nan Gombe kowa ya san abin da kwari ke yi wa gidajen da ke bakinsa idan sama ta yi da gaske.

Na san za a ce mini ai ba daidai ba ne a ɗora wa yaro damuwar manya. Na yarda, in dai ana nufin uba ya zauna yana zayyana wa ɗan shekara takwas bashin da ake binsa. Amma tsakanin sanar da yaro da yi masa gori akwai tafiya mai nisa, mu kuma mun bar na farkon mun rungumi na biyun. Ba za mu gaya masa kuɗin makaranta nawa ne ba sai ranar da ya yi laifi, ranar ce za a zazzage masa lissafin tun daga ragon suna. Abin da aka faɗa cikin fushi ba godiya yake haifarwa ba, yaro yana jin sa ne a matsayin bashi, kuma ba wanda ke son ganin mai binsa bashi. Da a ce tun ranar lafiya an ba shi kuɗin cefanen mako an ce je ka Babbar Kasuwa ka haɗo mana, ya tsaya gaban mai tumatir ya ga kuɗin sun ƙare bai sayi manja ba, da ya dawo da ilimin da faɗan shekara ba zai ba shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin komai ya tashi, amma akwai 'yan sakandare da yawa da ba su san kuɗin mudun shinkafa ba, suna kuma ci kullum.

Batun tura hotunan masu wahala kuwa, ni ya daɗe da fita raina. Hadisi ya zo cewa mu dubi wanda ke ƙasa da mu, kada mu dubi wanda ke sama, don kada mu raina ni'imar Allah. Amma wannan magani ne da mutum ke sha da kansa, ba bulala ba ce ta dukan wani. Yaron da aka nuna masa hoton ɗan gudun hijira aka ce "ka ga, kai ga ka nan kana iskanci," abin da ya koya shi ne bakinsa ya mutu, ba shi da ikon cewa wani abu na damunsa tunda akwai wanda ya fi shi. Shi kuma na cikin hoton ɗan wani ne, yana da suna, bai fito duniya don ya zama allon koyar da 'ya'yanmu ba.

Akwai inda na saɓa da littafin, kuma da irinsa gaba ɗaya. Iyali a wurinsu mutum huɗu ne ko biyar. Da zarar abu ya ɓaci sai a ja ƙofa a sa sakata, maƙwabci ya zama abin tsoro, wanda zai zo ya ƙwace ɗan abin da aka tara. Da haka mutanen Gombe suka yi a 2014, da dubban mutane sun kwana a tasha. Abin da ya cece su shi ne wani ya tuna yana da Goggo a Bolari, wani yana da abokin kasuwancin mahaifinsa a Jekadafari, kuma da aka ƙwanƙwasa an buɗe. Sai dai kafin mu yi wa Bature dariya, mu leƙa sababbin unguwanninmu. Katanga ta fi ta gidan yari tsawo, yara daga mota sai falo, ba su san sunan mai gidan da ke jikin nasu ba, ba za su iya kai kansu gidan Kawunsu ba sai da direba. An ce zumunci a ƙafa yake, mu kuma mun mayar da shi saƙon Juma'a da ake turawa mutum hamsin lokaci ɗaya. Ranar da sabis ya ɗauke, yaron da bai taɓa taka gidan dangi ba ina zai dosa?

Marubutanmu na Hausa ma ina da ƙorafi a kansu, a taƙaice. 'Yan matanmu na cinye littafi mai shafi ɗari biyar a waya cikin kwana biyu, amma kusan kullum labarin ɗan hamshaƙin attajiri ne da ya ga 'yar talaka. Ga Alau, ga ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025, ga farin 1973 da kakanninmu ke ba da labarinsa har yau. Me ya hana a rubuta mana yarinyar Gwange da ta kwana a kan rufin kwano da ƙannenta?

Sannan godiyar nan da muke nema, mu muna bayarwa? A littafin akwai wurin da uban ya dubi 'yarsa ya gode mata, kai tsaye. Ɗiyar Addata ta ce mini, "Kawu, nan ne wurin da na san labarin ba na ƙasar nan ba ne." Dariya ta yi, amma ni ban ji daɗi ba. Ba wai sai mun koyi salon wasu ba, muna da namu: sannu da aiki, Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba ki masu yi miki. Tsofaffinmu da ake cewa sun fi mu kunya, har ba sa kiran sunan ɗan fari, ba su taɓa rowar sa albarka ba. Mu ne muka riƙe kunyar muka yar da albarkar. Kuma rabon ma ba adalci a cikinsa. Namiji ya ɗauki shebur ya buɗe kwata daren da ruwa ya shigo tsakar gida, za a yi wata ana ba da labarin jarumtarsa. Ƙanwarsa da ke tashi da asuba kullum ta hura wuta, ta yi wa yara wanka, ta share gida kafin ta tafi makaranta, ita ba a ganin ta yi komai, sai ranar da ta makara.

Akwai ma wadda ko cikin lissafin ba ta shiga, wato 'yar riƙo. Gidaje da yawa a Gombe da Bauchi suna da ita, wata marainiyar dangi ce, wata tun gudun hijirar nan aka bar ta ba a dawo ɗaukarta ba. Ita ce ta san inda maganin hawan jinin Dada yake, ita ta san ranar da gas zai ƙare, ita ake tasa cikin dare idan jariri ya yi kuka. Ita ce kuma aka fi kowa tuna wa ta gode wa Allah da ya sa aka riƙe ta. Idan an zo ɗinkin Sallah nata ne na ƙarshe, in kuɗin sun kai.