Ranar da na sa aka wanko ni mita biyu

Bangon falona ya daɗe yana tsone mini ido, fari fat, ba komai a jikinsa. Rannan sai abokina ya turo mini wani hoto da ya ɗauke ni, wanda ni kaina sai da na sake duba mutumin ciki don kyau. Nan take na ƙudura cewa wannan hoton bango zai hau, tsayi mita 2, faɗi mita ɗaya da rabi.

Mai wankin hoto ya buɗe shi a kwamfuta, ya yi jim.

"Yallaɓai, ina na asalin?"

Na ce ai shi ke nan a gabanka. Ya girgiza kai, ya ce wannan ta manhajar hira ya biyo, an matse shi a hanya, ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto saura 1600 a tsaye, 1200 a kwance, alhali irin wayar da ta ɗauke shi 4000 da 3000 take bayarwa. Wai hoton da za a riƙe a hannu ɗigo 300 ake so a kowane inci, nawa kuwa in aka ja shi mita 2, da ƙyar zai sami 20. Kowane ɗigo zai wuce milimita guda.

Ni da ba na son a kayar da ni a magana, na ce, "To allunan tallan bakin titi fa?" Ya ce su ma ɗigonsu bai fi haka ba, amma daga nesa ake kallon su. Rabin farko na maganar kawai kunnena ya ɗauka. Na ce, "Malam, buga kawai."

Da muka warware shi a gida sai na ga mutum kamar an gina shi da bulo. Kunnena ya zama matakala. Gashin bakin da nake taƙama da shi ya koma baƙin tabo mai kusurwa huɗu. Ga shi hoton ya yi duhu, don allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa sai wanda ta samu. Abin takaicin, duk dishi-dishin nan bai ɓoye cewa na saka maɓallin rigata a ramin da ba nasa ba.

Ƙaramar 'yata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, wannan wane ne?"

Na tuna zancen nesa, na fara ja da baya. Taku uku, bulo. Taku biyar, na yi karo da kujera. Sai da na fita waje na leƙo ta taga sannan na gane kaina, kuma gaskiya daga can na yi kyau.

Na kira abokin nawa ya turo na asalin a matsayin fayil, don kada manhajar ta sake matse shi. Ya ce ai tun shekaranjiya ya goge shi, wayarsa ta cika.