Wai fim ɗin gawarwaki shirme ne? To wa ya ɓata ruwan?

Jiya da daddare a majalisa wani abokina (ba zan kama suna ba, ya san kansa) ya ce wai na ƙona data a banza wajen kallon fim ɗin yara da gawarwaki masu cizon mutane. Apokawixa yake nufi, wani fim ɗin ƙasar Poland. Har da ƙarin cewa mutanen Poland su tsaya kan abin da suka iya, wato fina-finan yaƙi da baƙin ciki, su bar wa Amurkawa wasan gawa. Malam, minti 20 ka kalla barci ya sace ka, baki buɗe. Yau kuma kai ne alƙalin fina-finan Turai. Allah ya ƙara basira.

Tambaya ɗaya na yi masa, har muka tashi bai amsa ba: a cikin fim ɗin, wa ya ɓata ruwan?

Yaran nan ɗalibai ne da kullen korona ya tsare a gida, aka sake su, suka tafi bakin Tekun Baltik don su yi casu su manta da duniya. Sai ga gansakuka mai guba a ruwa, mutane suka fara komawa gawa mai tafiya. Eh, akwai jini, akwai ihu, akwai wauta iri-iri ta samartaka da za ta sa ka dariya har ka riƙe ciki. Amma gansakukar nan ba marubuci ne ya ƙirƙiro ta ba. Kusan kowane lokacin zafi sai an hana wanka a wasu gaɓoɓin tekun a Poland saboda ita. Takin zamani daga gonaki da ƙazantar birane ne koguna irin su Wisla ke kwasowa su zuba, gansakukar ta samu abinci, ga Baltik teku ne da kusan a rufe yake, ruwansa ba ya sauyawa da wuri. Ɗan shekara 18 ne ya yi wannan? Shi ya kafa masana'anta? Shi ya sa hannu a takardar izini? Manya suka ɓata ruwa, yara suka shiga wanka.

Ga abin da ya fi ɗaga min hankali. Fim ɗin ya fito a 2022. A bazarar 2022 ɗin, tsakanin Yuli da Agusta, kifaye suka riƙa mutuwa a Kogin Oder da ke iyakar Poland da Jamus, har aka kwashe ɗaruruwan tan na matattun kifi. Ruwan gishiri da ake zubarwa a kogin, da zafi, da ƙarancin ruwa, su suka ba wata gansakuka mai guba damar yaɗuwa. Ka yi tunanin matashin da ya ga wannan a labarai, bayan 'yan makonni ya shiga sinima ya zauna. Kana ganin dariya kaɗai ya yi?

Na san abin da za a ce. Wai ya yi hayaniya da yawa, labarin ya tarwatse, yaran ba su da tarbiyya. To sai me? Ka taɓa ganin casun samari da ya tafi a tsare kamar taron kwamiti? Wai ai kwaikwayon Amurka ne. Su ma can tun 1978 mai shirya fim George Romero ya cusa gawarwakin fim ɗinsa cikin katafaren kanti don ya yi wa masu haukar saye-saye shaguɓe, ba wanda ya ce ya zubar da mutuncin ƙasarsa. Kowa da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, na mutanen Poland ruwansu ne.

Maganar su tsaya kan baƙin ciki kuwa, ita ta fi ba ni haushi. Don fim ɗinsu Ida ya ci kyautar Oscar a 2015, shi ke nan duk ɗan Poland sai ya ɗauki fim baƙi da fari, mutum na kallon taga ba ya magana? Wanda ya ba da umarnin Apokawixa, Xawery Żuławski, ɗan Andrzej Żuławski ne, wanda ya yi fim ɗin tsoro Possession a 1981. Tsoratar da mutane gadon gidansu ne, kyan ɗa kuwa ya gaji ubansa.

Tsakani da Allah, akwai inda dariyar ta tsaya min a wuya. Yaran da aka ce su zauna a ɗaki don su kare tsofaffi, sun zauna. Da suka fito sai suka tarar tsofaffin ba su kare musu komai ba. Wannan ba shirme ba ne, abokina. Koma ka kalla, ka sha shayi mai kauri tukuna.

Af, tun da safe nake wani tunani: in masu fassarar fina-finai suka mayar da shi Hausa, me za su kira halittun nan? Fatalwa ba ta cizo, maye kuma kurwa yake ci ba tsoka ba. Ƙanena ya ce a kira su "'yan tashi-ka-ci". Har yanzu ban yanke hukunci ba.